Dutse na Uku a Murhun Inna

Wani mafarki na yi jiya da dare, 'yan uwa, wanda tun da na farka nake ta murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir, kuma har yanzu ban san albishir ɗin mene ne ba. Na san a zauren nan namu akwai malamai, akwai matan malamai, akwai kuma masu fassara mafarki da ka ba tare da sun taɓa buɗe littafi ba. Duk ina so ku saurare ni. Amma sai na fara ba ku labarin dutsen tukuna, in ba haka ba ba za ku gane kan mafarkin ba.

Mu uku mahaifiyarmu ta haifa, duk mata. Ni ce babba, sai Talatu, sai autarmu Indo. Inna, Allah ya jiƙanta, mai girkin biki ce. A ƙauyenmu da na kewaye, in dai aka ɗora babbar tukunya, to Inna ce a bakinta. Tana da duwatsun murhu guda uku da take yawo da su duk gidan da aka kira ta, da farko a kan jaki, daga baya a amalanke. Ba ta yarda da duwatsun kowa ba, cewa take nata sun san gindin tukunyarta. Da ciwon ajali ya kama ta, sai ta tara mu ta raba mana su, kowa ɗaya.

Talatu ta ce, "Inna, dutse ɗaya me zai dafa?"

Ta ce, "Shi ke nan ai. Duk ranar da za a aurar da jikata, a kan waɗannan za a dafa abincin. Kuma kowacce ta kawo nata da hannunta, ban yarda da aike ba."

A lokacin dariya muka yi. Sai bayan ta rasu muka gane wayon tsohuwar. Aure ya raba mu, ni Funtua, Talatu Bakori, Indo Malumfashi, amma duk bikin 'yar ɗayanmu sai ka gan mu mun sauko daga mota kowa da dutse a buhu, 'yan tasha suna yi mana dariya.

To shekara biyu da suka wuce, a bikin 'yar Talatu, Indo ce a kan miya. Na zo na ɗanɗana, na ji gishiri ya yi yawa. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya ajiye magana. Maimakon in ja ta gefe, sai na ɗaga murya a gaban dangin ango na ce, "Wa ya bar Indo da miya? Wannan ai sai dai a kai wa shanu su lasa!" Mata suka kwashe da dariya. Indo ta nemo buhu ta jiƙa shi da ruwa, ta sa itace ta turo dutsenta daga ƙarƙashin tukunya da zafinsa da komai, ta naɗe shi, ta tsayar da ɗan acaɓa ya kai ta tasha. Tukunya ta karkace, saura ƙiris miyar ta kife a ƙafafunmu. Muka tokare da bulo, bulon ya fashe kafin la'asar.

Tun daga ranar ko sallama ba ta haɗa ni da Indo ba. Tana gaisawa da Talatu, ni ce dai ba ta kula. Ni ma na ce ba inda za ni. Ni ce babba, ni na goya ta, ni na koya mata ɗaura zani, ita ya kamata ta zo. Yanzu ga shi saura kwana tara bikin autata Nafisa. Na aika wa Indo katin gayyata ta hannun Talatu, shiru kake ji. Shekaranjiya Nafisa ta same ni a ɗaki ta ce, "Mama, duk 'yan uwana a kan duwatsun Inna uku aka dafa nasu. Ni nawa a kan bulo za a dafa?" Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Amma maganar ta tsaya mini a rai.

Jiya da yamma ina tsakar gida ina tsintar wake, Malam yana gefe da rediyonsa. Malam maigidana ne, tsohon malamin labarin ƙasa. Ya yi ritaya amma bai daina koyarwa ba, ni ce ajinsa yanzu. Shirin da ake yi a kan duwatsun da ke faɗowa daga sama ne, kuma da aka gama sai ya kashe rediyon ya juyo kaina. Ya ce kullum ta Allah sai an yi ta zubo da su, dare da rana, amma yawancinsu ba su fi tsabar gero ba, a hanya suke ƙonewa, su ne hasken nan da muke gani ya gifta mu ce tauraro ya faɗi. Waɗanda suka iso ƙasa kuwa, galibi a teku suke faɗawa, don ruwa ya fi tudu yawa a duniya, sai hamada, sai dajin da babu kowa. Manya-manyan da ake tsoro, ya ce, sai a yi zamani bayan zamani ba a ga ɗaya ba, kuma akwai masana da aikinsu ke nan, su zuba musu ido da madubin hangen nesa suna lissafin hanyarsu. Ƙanana ne ba sa sallama, sai dai a ji su.

Na ce, "To Malam, Allah ya tsare mu. Ni dai Indo ce a raina. Za ta zo da kanta, ka zuba ido."

Ya ce, "Zai yiwu, Hajiya. Dutsen sama ma zai yiwu ya faɗo tsakar gidan nan. Amma ni dai ba zan ɗora tukunya in zauna jiransa ba."

Na sha kunu, na kwashe wakena na shige ɗaki. Da wannan fushin na kwanta.

A mafarkin rana ce tsaka. Na gan ni a gidan Inna na ƙauye, gidan da ya rushe tun shekaru, amma ga shi a tsaye har da dalbejiyar da aka sare. An yi shara an yayyafa ruwa. Mata sun cika tsakar gida, wasu suna raye, wasu sun rasu tuntuni, kowa na aikinsa, babu mai mamakin ganin wani. Inna tana zaune a kan turmin da aka kifa, tana tankaɗe, da shuɗin zanen nan nata. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ko ɗago ba, kamar jiya muka rabu. Babbar tukunya tana kan duwatsu biyu, ta karkata gefe guda, Talatu ta tokare ta da kafaɗa tana ta hirarta kamar ba komai. Gurbin dutse na ukun yana nan, ɗan rami da toka a ciki.

Inna ta ce, "Je ki tasha ki taho da shi."

Na ce, "Inna, wace tashar?" Ta dai nuna mini tsanin rumbu da leɓe.

Na kama tsanin na fara hawa. Tsanin rumbun Inna taki huɗu ne, na sani sarai, amma na yi ta hawa bai ƙare ba. Gwiwar nan tawa da ke hana ni sakat ko ɗis ba ta yi ciwo ba. Na wuce kan dalbejiya, na wuce shirwa biyu suna shawagi, na wuce gajimare, har na miƙa hannu na taɓa shi na ji da ɗumi kamar audugar da aka shanya. Sai kawai na gan ni a tashar mota.

Tasha ce sosai irin tamu, da rumfuna da bencina da mai shayi da mai rake. Sai dai ƙasan baƙi ne wuluk, ana hango taurari ta ƙarƙashin ƙafa, ga kuma rana tana haskawa a lokaci guda. Fasinjojin duk duwatsu ne. Wasu kamar goriba, wasu kamar kabewa, wasu kamar buhun masara, suna zaune a benci a jere. Babu mai ido babu mai baki, amma na san hira suke yi. 'Yan kamasho kuwa sai kira suke, murya har ta dushe.

"Teku! Teku! Teku!"

"Hamada, saura ɗaya!"

"Daji! Daji ba tsayawa!"

Layin motocin teku ya fi kowanne tsawo, ban ga ƙarshensa ba. Mota ta cika ta tashi, wata ta matso. Na kasa kunne ko zan ji an kira wani gari, ko wata unguwa, ko gidan wani. Ban ji ba.

A bakin tashar akwai ƙanana, kamar tsabar gero da yashi, ba su da iyaka. Su ba sa jiran mota. Da gudu suke zuwa su yi tsalle su faɗa, irin yadda ake faɗawa kududdufi da damina. Duk wanda ya yi tsalle sai ya zama haske, ya ja dogon layi, ya ɓace, sai duk tashar a tafa masa. Mai shayi ya miƙo mini kofi ban tambaya ba, ya ce, "Waɗannan ba sa isa ƙasa, kuma sun sani." Ban ga alamar abin ya dame su ba. Ni ma na ajiye kofin na yi ta tafi har tafin hannuna ya yi ja.

Sai kawai na gan ni a can ƙarshen tasha, gaban wata tirela. A kanta dutse ɗaya ne tak, amma ya kai girman unguwarmu da masallacinta da makarantarta. Barci yake yi har da minshari. Tayoyin motar sun sace, gizo-gizo ya yi saƙa a sitiyari. Na ce a raina in wannan ya sauka ai babu biki babu masu biki. Na tari wani ɗan kamasho na ce, "Ɗan nan, wannan yaushe zai tashi?" Ya ce direban ya tafi cin abinci tun kafin a haifi kakan kakana, har yau bai dawo ba. Sannan ya nuna mini ƙasa. Can a kan wani tudu ga mutane da dogayen madubai sun zuba wa tirelar ido, suna kallo suna rubutu. Ya ce, "Ko tari ya yi su za su fara sani." Ɗaya daga cikinsu ya ɗago mini hannu. Na duba da kyau, ashe Malam ne, da hularsa ta zuwa Juma'a. Na ɗaga masa hannu ni ma, na manta ina fushi da shi.

Daga nan na shiga neman motar gidan Inna. Na tambayi mai rake, ya ci gaba da fere rakensa. Na tambayi wani direba, ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Sai wata tsohuwa mai gyaɗa ta ji ni, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Tsakar gida? Yarinya, tun da nake zaune a nan ban taɓa ganin motar nan ta cika ba." Amma ta nuna mini da hannu, can bayan rumfar mai shayi.

Wata tsohuwar akori-kura ce, babu mai yi mata kira. Direban ya kishingiɗa ya rufe fuska da hula. A bencin gefenta dutse ɗaya ne zaune, baƙi, daidai girman dutsen murhu. Jikinsa sumul, da 'yan lotsa-lotsa kamar an danna yatsa a malmalar tuwo. Ya juya mini baya. Kada ku tambaye ni yadda dutse ke da baya, ni dai na san bayansa nake kallo. Kuma an ɗaura masa koren ɗankwali, wanda Indo ta ɗaura ranar bikin 'yar Talatu.

Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Na gyara mayafi, na kau da kai. Na ce a raina ni ce babba, shi zai fara gaishe ni.

Muka zauna. Rana ta faɗi ta fito, ta faɗi ta fito. Motocin teku suka yi ta tashi. Ƙanana suka yi ta tsalle ana tafa musu. Lallen hannuna ya goge, wani ya fito da kansa, shi ma ya goge. Mai shayi yana ta kawo mini shayi. In na leƙa ƙasa ta tsakanin ƙafafuna ina hango tsakar gidan Inna ƙarama kamar faifai. Talatu tana nan da tukunya a kafaɗa. Nafisa tana zaune a tabarma an lulluɓe ta, jifa-jifa ta ɗaga mayafin ta dubi sama, ta sake rufewa. Na ga haka, raina ya sosu, amma ban motsa ba. Shi ma dutsen bai motsa ba.

Sai kawai lasifikar tasha ta yi ƙara, aka yi gyaran murya. Muryar Inna ce, amma da irin yadda ake sanarwar ɓatan kaya.

"Hajiyar da ke kan benci. Wanda kike jiran ya fara gaishe ki, ai ya girmi ƙasar da kika tako kika zo."

Tashar gaba ɗaya ta ɗauki dariya. Duwatsu suna gwaruwa da juna ƙwas-ƙwas, 'yan kamasho suna dukan cinya, tsohuwa mai gyaɗa har da faɗuwa. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Can kuma sai dariyar ta kama ni ni ma, na yi ta yi har hawaye. Na muskuta, na matsa kusa da shi, na ce, "Ina wuni? An wuni lafiya? Ya gajiya?"

Sai na ji ya yi ɗumi, ya jingino da jikina a hankali, irin yadda Indo take yi tana ƙarama in tana so a goya ta ba ta so ta faɗa.

Direban ya cire hula daga fuska ya yi tsalle ya ce, "Ta cika!"

Na ce, "Malam direba, mu biyu ne fa."

Ya ce, "Dama mutum ɗaya ake jira."

Sai kawai babu mota babu direba. Na gan ni na goya dutsen a baya da zanina, na ɗaure da majanyi tam, muna faɗowa. 'Yan uwa, ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, a farke ko a barci. Iska tana kaɗa mayafina, wuta ta kewaye mu kore da ja da ruwan ɗorawa, amma ba ta ƙuna, sanyi ma take da shi. Nauyin shekaruna duk ya tafi. Ni da ban taɓa iya guɗa ba, kullum sai dai in sa a yi mini, sai ga ni ina rangaɗa ta tun daga sama.

Muka bi ta kan teku. Ni ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin, amma na gan shi, shuɗi har iyakar gani, duwatsu suna ta faɗawa ciki cuɓul-cuɓul, babu wanda ya sani sai kifaye. Muka bi ta kan hamada, wani raƙumi ya ɗaga kai ya dube mu ya ci gaba da tuƙa. Muka bi ta kan Malumfashi, na hango rufin gidan Indo da igiyar shanyarta, na buɗe baki zan ƙwala mata kira, kafin in yi mun wuce. Sai ga ƙauyenmu yana tasowa. Mutane sun fito suna nuna mu, babu mai gudu, wasu ma faranti suka ɗauko. Malam yana gefen hanya da madubinsa a hannu, yana tsalle kamar ba mai ciwon baya ba, yana cewa, "Wannan ba ya cikin lissafi! Wallahi ba ya cikin lissafi!" Dariya yake yi.

Muka dira a tsakar gidan Inna dim, amma a hankali, kamar an sauke ni a kan katifa. Majanyin ya kwance da kansa. Dutsen ya zame daga bayana ya gangara, ya gangara, ya je ya zauna a gurbin nan daram, kamar don shi aka haƙa. Tukunya ta miƙe. Talatu ta janye kafaɗarta tana murzawa, ta dube ni ta ce, "Yaya, kin daɗe."

Sai guɗa ta ko'ina. Masu kalangu suka fito daga ɗakin Inna, ɗakin da ko mutum uku ba ya ɗauka, sun fi goma. Matan da suka rasu da masu rai suka shiga fili tare. Nafisa ta yar da lulluɓi ta faɗo tsakiya. Inna ta ajiye rariya ta miƙe tana dariya har wushiryarta ta fito, wadda na yi shekaru ina ƙoƙarin tuno kamanninta na kasa. Ta kama hannuna muka taka. Na yi rawa, ni Hajiya guda, uwar amarya, har ɗankwalina ya faɗi ban tsaya ɗauka ba. Ƙamshin miya ya cika gidan, na daddawa da man shanu, irin na Inna sak.

Akwai mai juya miyar, amma tururi ya rufe ta. Hannunta kawai nake gani da muciya, da awarwaro biyu na azurfa. Na san awarwaron, ni na saya wa Indo su da za ta yi aure.

Sai kawai kiɗa ya tsaya. Inna ta tsoma ludayi a tukunya ta miƙo mini. Kowa ya zuba mini ido, har dangin angon nan na bikin 'yar Talatu ga su a jere a tabarma. Na kurɓa. Gishiri ne fau, daidai irin na ranar nan, ko ƙwaya ɗaya bai ragu ba. Na dubi Inna, ita ma ni take kallo, idonta yana dariya, bakinta a rufe. A bayan tururin kuma na ji wata tana danne dariya tana kasawa, da ɗan jan hancin nan da Indo kaɗai ke yi.

Na haɗiye miyar. Na buɗe baki zan yi magana.

Sai na farka. Ƙarar butar Malam ce ta tashe ni, yana alwalar asuba. Na tsinci kaina ina dariya, matashina ya jiƙe da hawaye, kuma wallahi bayana da ɗumi kamar yanzu na sauke goyo. Na fi minti goma a zaune a bakin gado ina jin ɗanɗanon gishiri a harshena.

Da ya dawo daga masallaci na kwashe duka na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba. Ya ce shi labarin ƙasa ya koyar, ba fassarar mafarki ba. Ya ce tashar dai ta yi daidai da abin da aka faɗa a rediyo, kuma ya ji daɗi da aka nuna shi da hular kirki. Sannan ya gyara zama ya ce, "Amma Hajiya, kin lura motar nan ba ta tashi ba sai da..." Na ce ya isa, ban tambaye shi ba. Ya yi murmushinsa na malaman makaranta ya kunna rediyo.

Da gari ya waye na shiga kicin na jawo dutsena daga bayan buhun gawayi. Na wanke shi, ban san dalili ba. Yana nan a tsakar gida yana shan rana, Nafisa ta wuce ta gan shi ta dube ni.

To ga abin da ya sa na kawo muku. Zuciyata ta kasu biyu. Ɗaya tana ce mini ma'anar a fili take: Allah ya cike gurbin daga sama, ko Indo ta zo ko ba ta zo ba za a yi biki lafiya, in kwantar da hankalina in zauna a gidana da girmana. Wannan fassarar ta yi mini daɗi ƙwarai, shi ya sa ma nake zarginta. Don in haka ne, me ya kawo koren ɗankwalin? Me ya sa na goyo shi, bai faɗo da kansa ba? Kuma na ji ana cewa ganin mamaci yana dariya alheri ne, to amma dariyar murna Inna take yi, ko dariyar da take yi mini tun ina yarinya in na yi taurin kai?

Ina kewar ƙanwata, wannan ba sai an fassara mini ba. Shekara biyu ban ji dariyar nan mai jan hanci ba sai jiya a barci, kuma ban san na yi kewarta haka ba sai da na farka na ga babu ita.

Motar Malumfashi tana lodi tun safe, kuma ita ma ba ta da lokaci, sai ta cika take tashi. Na yafa mayafi na cire, na sake yafawa, yanzu haka yana kafaɗata nake rubuta muku wannan. Don girman Allah, masu sani, mene ne ma'anar mafarkin nan? In zauna in jira, ko ni ce mutum ɗayan da ake jira?

Kuma wadda ta san wannan ta taimake ni, don an tashe ni kafin in ji amsar daga bakina: in na je, ta buɗe mini ƙofa, ta kawo mini abinci, na kai loma na ji gishiri ya yi yawa, me Inna take so in ce?